Ina neman tafintar Sinanci zuwa Koriyanci don ganin likitan damuwa

Baban Amira, Ansan, Koriya ta Kudu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maiɗakina 'yar Sin ce, Musulma 'yar ƙabilar Hui daga Lanzhou. Wata 4 ke nan da haihuwarta, barci ya ƙaurace mata. Jaririya na kuka, ita ma sai ta zauna bakin gado tana yi. Likita ya ce ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, ya tura mu wurin masaniyar halayyar ɗan'adam. Koriyancinta na cefane ne, nawa Sinancin na kasuwa. Mace nake nema, mai zaman kanta, wadda ta saba da irin wannan zama. Alhamis za mu koma. Wa ya taɓa ɗauka, nawa ya biya?

Ɗan Damagaram: Allah ya ba ta lafiya. Akwai wani yaro a Itaewon, kusa da babban masallaci, Turanci a bakinsa kamar ruwa.

Baban Amira: Amin, na gode. Amma ba Turanci ba, kuma mace.

Hajiya ta Incheon: Ɗana, kira Danuri, 1577-1366. Layin iyalan baƙi ne, dare da rana, akwai masu Sinanci. Sun taɓa yi wa maƙwabciyata tafinta ta waya a asibiti, ko won ɗaya ba su karɓa ba.

Ɗan Gwanzu: Alhaji, ka yi hattara. Na raka abokin cinikina ɗan Sin asibiti a Seoul bayan dukiyarsa ta karye. Muka ɗauko wani tafinta daga Daerim, unguwar Koriyawan Sin (wato 'yan Sin masu asalin Koriya), won 50,000 a awa. Mutumin nan ya sunkuyar da kai ya ce "shin lei", wato zuciyarsa ta gaji da rayuwa. Tafinta ya ce wa likita ciwon zuciya yake yi. Aka manna masa wayoyi a ƙirji, aka ce lafiyarsa ƙalau, muka dawo gida. Wata 2 yana ramewa kafin a gane. Abin da ya fi ƙona min rai, labarinsa ya riga mu isa unguwa. Har yau idan na tuna idonsa sai na rasa sukuni.

Ɗaliba, Daejeon: Laifin mutum ɗaya ne wannan. Koriyawan Sin da yawa sun tashi da harsunan biyu tun daga Yanbian, yankinsu da ke ƙasar Sin. Amma jin harshe daban, aikin asibiti daban. Yaya, nemi wadda ta ci jarrabawar tafintan asibiti ta gwamnati, ko wadda ta fito daga makarantar tafinta ta Jami'ar Hankuk ko Ewha. Sashenmu na jami'a ya biya won 300,000 rabin wuni. Wadda ka ɗauka ta sa hannu kan riƙe sirri, kuma a ajiye ita kaɗai har ƙarshen magani.

Ɗan Gwanzu: 300,000? Kujerar Makka za ta biya mata?

Malam na Suwon: Ke yarinya ko aure ba ki yi ba. A fara da ruƙiyya tukun.

Hajiya ta Incheon: Haba Malam. Na haifi 6, na san wannan ciwon a jikina. A yi addu'a, a sha magani. Yarinya ta faɗi gaskiya, ko da yake ni a Kmong, shafin intanet na masu aikin zaman kansu, na ga mai 80,000.

Ɗan Damagaram: Ai tafinta ko'ina haka suke. A Xiaobei namu ma, unguwar 'yan kasuwar Afirka a Gwanzu ta Sin, Bahaushe ɗan uwanka, yana fassara yana ɗora la'adarsa a kan kowane katan.

Ɗan Gwanzu: Kar ka tono min wannan! Shekara 3 ana cin yuwan 2 a kan kowane takalmi, ina cewa Allah ya saka masa da alheri.

Baban Amira: 'Yan uwa, gobe Laraba fa. Hajiya, masu Danuri suna zuwa asibiti da ƙafarsu, ko ta waya kaɗai? Maiɗakina ta ce ba za ta iya faɗa wa waya abin da ke ranta ba.