Kayan gyaran agogo na kakanmu, don Allah wa ya san aikinsu?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Shekaranjiya muna kwashe ɗakin kakanmu, Allah ya jiƙan shi, nan Gusau munka ci karo da akwatinshi na katako, shi da gyaran agogo ya ci da gida tun jirgin ƙasa na zuwa Ƙaura Namoda cike da mutane. Ciki akwai gilashin da ake maƙalawa a ido, ƙananan sukundireba, wata bakinta bai kai tsinin allura ba, hantsaki biyu ɗaya na tagulla, sai wani ƙarfe mai nauyi kamar 'yar maƙera mai ramuka da ƙusoshi jere cikin katako, an rubuta Boley a jiki. Akwai kuma agogonshi West End, na yi mishi wani, wato na murɗa kanshi, ya tashi, wallahi da na kara shi a kunne sai da hawaye ya zubo min. Amma gudu yake, minti 6 kullum. Mi zan taɓa ciki?

Baba mai agogo, Jega:
Wa'alaikumus salam ɗana, Allah ya gafarta mishi. Kada ka taɓa komi tukuna. In an buɗe baya za ka ga wata 'yar ƙafa tana kai da komo, balans muke ce mata, da sifirin siriri kamar gashi a nannaɗe jikinta, yawancin na da sau 18,000 suke bugawa a awa, biyar ke nan duk daƙiƙa. Bisanta akwai ɗan hannu mai alamar + da -, wasu F da S, wasu A da R na Faransanci. In ka tura shi sifirin ya gajarta agogo ya ƙara sauri, in ya tsawaita ya rage, amma fa gudun minti 6 kullum alama ce ta wata matsala daban. Ko dai tsohon mai ya manne zoben sifirin, ko ya ɗauki maganaɗisu. Samu kamfas irin na neman alƙibla ka kusanto da agogon, in allura ta juya to shi ne. Hantsakin tagullan ma don haka kakanka ya aje shi, maganaɗisu ba ya kama tagulla. Boley kuma aikin Jamus ne, da shi ake fidda sandar balans in ta karye a dasa sabuwa, ni sai da na shekara ina kallon maigidana kafin ya bar ni na riƙe gudumar.

Ɗan Argungu:
Gaskiya Baba ya faɗa. Ni man keken ɗinki na ɗiga ma Seiko 5 na mahaifina, ya bi ko'ina ya jawo ƙurar hunturu, har yau abin na damuna. Kuma in lambobin fuskar masu haske da dare ne kar ka kankare, na kafin shekarun 1960 da yawa sinadarin radiyam anka shafa musu, ƙurarshi na da illa in an shaƙa.

Ɗan Tudun Wada:
Baba na gwada yanzu, allura ta juya sosai, ashe bisa lasifikar rediyo na kwantar da shi tun ranar. Kuna da na'urar cire maganaɗisun a shago? In ba damuwa ranar Asabar zan taho Jega da agogon da akwatin gaba ɗaya, ina so ku nuna min sunan kowane ƙarfe da aikinshi.