Ana kwashe badalar bayan layinmu a kura, kowa ya yi shiru

Abban Sadiq: Assalamu alaikum jama'a. Wallahi yau raina a ɓace yake, tun safe nake son in yi maganar nan. Na dawo daga sallar asuba sai na tarar da samari uku da diga da shebur suna saran badalar da ke bayan layinmu suna lodawa a kura, wai ƙasar ciko za su kai wa wani mai gini. Wurin da muke hawa muna yara mu zauna har mu hango Goron Dutse, yanzu ɗan akuya ma tsallake shi yake yi. Na yi musu magana ɗaya ya kalle ni ya ce "Alhaji ƙasa ce fa." Ƙasa ce! Abin da Sarki Gijimasu ya fara ginawa shekara kusan 900, Muhammadu Rumfa ya zo ya faɗaɗa, abin da Lugga da kansa ya rubuta cewa bai taɓa ganin irinsa a Afirka ba lokacin da Turawa suka ci Kano a 1903, yau shi ake sayarwa kura kura. In ka zo kan ƙofofin kuma nan ma takaici ne, a rushe ta ƙasa a zuba siminti a shafa fenti ruwan ƙasa a ce mana an gyara, kamar yadda aka yi wa Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi. Ni dai abin da na gani baƙi ne suka cika garin nan waɗanda ba su san darajar abin ba, shi ya sa babu mai magana.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Innalillahi, Allah ya kyauta. Mu ma ta wajenmu bola ake zubawa a gindinta

Ɗan Kurna: Yallaɓai tsaya tukuna. Su waye baƙi?

Abban Sadiq: Ɗan uwa ba wannan ce maganar ba, maganar badala nake

Ɗan Kurna: A'a kai ka faɗa da bakinka, ka ce baƙi. A Kurna aka haife ni, a nan aka haifi babana, kakana ne ya zo daga Bichi. To ni baƙo ne ko ɗan gari? Domin mun gaji da wannan abin da kuke mana ku 'yan cikin badala, komai ya lalace sai ku ce 'yan waje, haraji kuwa tare muke biya, zaɓe ya zo tare ake neman ƙuri'armu

Malam na Fagge: Gaskiya Alhaji kalmar nan ba ta yi ba. In ana maganar baƙunta to Bagauda ma zuwa ya yi ya tarar da mutanen Dala, Gijimasun da ka ambata jikansa ne. Wangarawa zuwa suka yi zamanin Sarki Yaji suka kawo mana ilimi. Ka duba sunayen unguwannin da ke cikin ganuwar kanta, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi, Dandalin Turawa. Duk sunan baƙi ne. Wa ya raya kasuwar Kurmi in ba fatake ba

Yakasai Asali: Malam wancan baƙin daban wannan daban. Waɗancan sun zo sun zauna sun zama 'yan gari sun bi al'adar gari, na yanzu mutum ya zo jiya yau ya sayi fili a kan badala ya kafa shagon taya

Ɗan Kurna: Wa ya sayar masa? Ni na sayar masa? Ɗan gari ne ya sa hannu ya karɓi kuɗi

Yakasai Asali: Kana da shaida?

Ɗan Kurna: Kai kana da shaidar cewa yaran da ya gani da diga ba 'yan layinsu ba ne? Alhaji faɗa mana tsakani da Allah, yaran nan daga ina suke

Abban Sadiq: Ɗaya na san shi, ɗan unguwa ne. Biyun ban san su ba

Ɗan Kurna: To kun ji dai

Abban Sadiq: Naji, in kalmar ce ta ɓata muku rai na janye, Allah ya ba ku haƙuri. Don Allah mu koma kan abin da ya kawo ni, me za a yi, wa za mu kai wa ƙara, mai unguwa ko hukumar gidan tarihi

Auta: Ni tambayata ma, badala ce ko ganuwa? Kowa da abin da yake cewa

Malam na Fagge: Ganuwa ita ce katangar gaba ɗaya, badala kuma tudun da ke ta ciki inda mayaƙa ke tsayawa. Amma Kanawa sun saba duk badala suke cewa

Yakasai Asali: Ka ga irinta ko, ɗan Fagge zai koya mana sunan katangarmu

Malam na Fagge: Subhanallah. Ilimi ne fa ba gadon gida ba

Baba Magini: Yara ku saurara in faɗa muku abin da na sani, ni jikata ce ke rubuta min. Sana'ar gidanmu gini ce, da ƙasa na fara tun kafin in san siminti. Ginin ƙasa ba ya son a bar shi, kamar jariri yake. Ka kwaɓa ƙasa da ciyawa ka bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, ka mulmula tubali da hannu mai kan tsini ka shanya, ka jera shi gindi ƙasa kai sama ka bi da ƙasa. Bayan damina kuma dole a sake yaɓe, in bango ne na gida a bi shi da makuba ta ɓawon ɗorawa, in soro ne a yi masa laso da katsi na marina. Mahaifina ya ce min a da ganuwar nan aikin gayya ake mata, kowane ɓangare da mutanen da ke da alhakinsa, kowace ƙofa da sarkin ƙofarta mai riƙe da mabuɗi. Da aka daina wannan ruwan sama kaɗai ya isa ya cinye ta ko ba a sa diga ba. Kuma wanda ya shafa siminti a kan ginin ƙasa bai gyara ba, ruwa zai shiga ta baya ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe a ciki, wata rana ka ga ɓawon simintin ya ɓalle gaba ɗaya da rabin bangon. Na gani da idona ba sau ɗaya ba. Masu iya aikin nan mun kusa ƙarewa, a cikin 'ya'yana babu wanda ya iya ɗaurin guga da azara, duk bulo suke bugawa

Maman Ummi: Allah ya ƙara lafiya Baba, ya ja kwana. Wannan ita ce magana

Abban Sadiq: Baba na gode, Allah ya saka. Abin da nake so a tattauna kenan

Jar Hula: Baba ya yi gaskiya amma a faɗi wanda ya yi ɓarnar mana, a daina ɓoye ɓoye. A gwamnatin da ta wuce aka yanka filaye a jikin badala ta titin BUK, aka cike kududdufai aka yi shaguna, kowa ya gani. Ba shi ya sa Gwamna Abba yana hawa mulki a 2023 ya fara rusau ba? Har cewa aka yi ɓaraguzan za a yi amfani da su wajen gyaran badalar

Ɗan Dawakin Tofa: To ina gyaran? Nuna min hoto. Rusau dai mun gani, shagunan Filin Idi, ginin Daula Otal, har shataletalen gidan gwamnati da aka gina na cikar jihar Kano shekara 50 bai tsira ba. Shi ba tarihi ba ne? Kotu ma ai ta ce a biya 'yan kasuwar Filin Idi diyya

Jar Hula: Shataletalen 2017 ne tarihi? Haba malam, ƙanina ma ya girme shi

Ɗan Dawakin Tofa: Gadar Ƙofar Nassarawa fa wa ya yi? Ta Kabuga da ta Gadon Ƙaya wa ya haƙa? Duk a bakin ƙofofi suke, lokacin ba ku ce tarihi ba, cewa kuka yi aiki

Jar Hula: Aiki ne mana! Kai ba ka bi ta kai? Ka tuna cunkoson Kabuga kafin a yi ta? Mai naƙuda sai ta haihu a Adaidaita kafin ta isa asibiti

Ɗan Dawakin Tofa: To naku aiki ne namu ɓarna, mun ji

Maman Ummi: Don girman Allah ku bar siyasar nan, ko ina kuka shiga sai kun kawo ta

Ustaz: Ni fa ban ga abin tada jijiyar wuya ba. Katanga an yi ta ne don yaƙi, yaƙin ya wuce. Mutane ba su da wurin kwana, yara ba aji, mu tsaya muna kuka a kan tarin ƙasa. Ku tuna Masallacin Juma'a na Zariya a watan Agustan 2023, ana cikin sallar la'asar rufin ya rufto aka rasa rayuka. Da an sauke tsohon ginin tun da wuri an yi sabo da ba haka ba. Rai ya fi tarihi

Bazazzage: Ustaz ka ji tsoron Allah kada ka sa masallacinmu a wannan magana haka. Ina Zariya ranar, na je jana'iza. Ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne tun wajen 1830, ya kusa shekara 200 yana tsaye mutane na sallah a ciki, gine-ginen siminti nawa ne a ƙasar nan suka yi rabin haka? Benaye nawa na bulo da rodi suka rushe a kan mutane ba su shekara 10 ba? An ga tsagewa a jikinsa kafin abin ya faru, rashin kulawa da wuri ne, abin da Baba ya faɗa ɗazu kenan

Ustaz: Ban ce laifin magini ba ne, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu

Bazazzage: Amin. Amma ku Kanawa ai kun riga kowa, tsohon masallacinku na ƙasa tun zamanin Turawa kuka sauke shi

Yakasai Asali: Ga wani baƙon kuma ya shigo

Ɗan Kurna: KUN GANI KO. Admin kana gani ya sake faɗa. Shi Alhaji ya janye wannan bai janye ba

Yakasai Asali: Tsakanina da Bazazzage wasa ne, ba ruwanka

Ɗan Kurna: Da ruwana, tun ɗazu da ni kake. In 'yan asali ne ku ke son badala me ya sa gidajen cikin gari ma kuke rushe soron kakanninku kuna yin fulat da tayil? Zaure nawa ya rage a layinku mai zanen dagi a goshi? Ƙirga min

Yakasai Asali: Namu yana nan

Ɗan Kurna: Turo hoto

Auta: Ni dai na taɓa zuwa Gidan Makama da makaranta, na ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari na ƙarfe a ajiye, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Yawancin ƙawayena ba su taɓa shiga ba kuma kullum suna wucewa ta gabansa

Malam na Fagge: Kuma ganuwar tana cikin jerin jiran shiga wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO tun 2007, har yau ba ta shiga ba. Agadas ta shiga a 2013 saboda sun riƙe tsohon garinsu da hasumiyarsu ta ƙasa suna yaɓe ta. Mu me za mu nuna in an zo dubawa

Jar Hula: A tambayi waɗanda suka sayar

Ɗan Dawakin Tofa: A tambayi masu katafila

Admin: To jama'a ya isa haka, saƙo ya haura ɗari tun safe, zan rufe maganar. Abin da na fahimta a taƙaice: kowa ya yarda badala tana lalacewa kuma yawancin mu mun yarda cewa yanka filaye da aka yi a jikinta a shekarun baya shi ne babban abin da ya kashe ta, wanda ya ce ba haka ba son zuciya ne kawai. Maganar baƙi Alhaji ya janye, kuma ni ban ga abin zafi a ciki ba tun farko, mu da muka tashi a cikin gari mun san abin da yake nufi, Ɗan Kurna ka rage saurin fushi. Ustaz ra'ayinka naka ne kai kaɗai. Baba Magini mun gode. Duk wanda ya sake kawo siyasa zan cire shi

Ɗan Dawakin Tofa: Yawancin mu su wa? Mutum ɗaya ne ya faɗa, kai na biyu. Wannan ba taƙaitawa ba ce

Ɗan Kurna: Wato ni ne mai laifi. Shi Yakasai ko sunansa ba ka kira ba

Abban Sadiq: Har yanzu ba wanda ya faɗa min inda zan kai ƙara. Yanzu na leƙa ta taga yaran sun dawo, wannan karon kura biyu ce. Baba in jikarka tana kusa ta turo min lambarka ta gefe, gobe in Allah ya kai mu zan je wajen mai unguwa, ina so ka raka ni ka yi masa bayanin da ka yi mana