Zawon Baba ya tsaya, yanzu kuma an ce ƙoda

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara. Babanmu shekara 74, nan Tawa muke. Mun je suna ya ci nama da fura, kwana uku sai zawo da jini, ni kaɗai ke kula da shi tunda yayanmu yana Abijan wata biyar ko jika ɗaya bai aiko ba, matarshi kuma ko sannu. Na sai mishi Imodium, maganin tsaida zawo, da kafso wajen mai talla, zawon ya tsaya na ce alhamdulillahi. Yau kwana takwas, hitsari ɗan kaɗan, ƙafa ta kumbura, ya ɗashe. Lokotoro ya ce kireyatinin, awon jinin da ke nuna aikin ƙoda, ta hau, mu tahi Yamai. Ina ruwan zawo da ƙoda kuma?

Na farko: Allah ba shi lahiya. Namu ma haka suka ce, kuɗin awo ya cinye mana tumaki biyu. Ki jiƙa mishi hulba tukun.

Na biyu: Baiwar Allah ki bar maganar hulba, ki ji ni. Zawo na zuƙe ruwan jikin tsoho, jini ya kasa kai wa ƙoda. Sannan akwai ƙwayar cutar E. coli mai wani dafi da ake kira Shiga, dafin na fasa jini ya toshe ƙananan jijiyoyin ƙoda, galibi wajen mako guda bayan fara zawon, lokacin da ake ganin an samu sauƙi. A Jamus 2011 mutum sama da 50 ya kashe, yawanci manya, kuma daga tsiron hulba ya hito. Imodium ga zawo mai jini kuskure ne, yana riƙe dafin a hanji. Yana shan diklofenak, maganin ciwon gaɓoɓi, ko maganin hawan jini?

Mai tambaya: Yana sha na gwiwa kullum. Amma malam dare guda sau tara nake wanke shi, me kake so in yi? Da kana wurin kai ma sai ka ba shi.

Ta uku: Ki ɗura mishi ruwa da yawa ƙanwata, ƙoda wanki take so.

Na biyu: A'a Hajiya! Wanda ba ya hitsari in an cika mishi ruwa huhu yake tafiya, lokotoro ne zai auna. A tsaida diklofenak yau. Asibitin Lamorde a Yamai akwai injin wankin ƙoda, kuma irin wannan ta farat ɗaya tana iya farfaɗowa in an yi sauri.

Mai tambaya: Kilomita sama da 500 da tsoho a mota? Shi ma ya ce ba inda za shi. Na kira yaya sau huɗu bai ɗauka ba.