Liƙin leda yana buɗewa amma inji bai nuna matsala ba: ƙirƙirarriyar basira za ta taimaka?

Makanikin_Layi:
Assalamu alaikum. Ina kula da injin da ke naɗa leda, ya ɗura gari a ciki, sannan ya liƙe bakinta ya yanke. Matsalar da ta dame mu ita ce liƙin da ke saman jaka yakan fito bai kama ba, ba kullum ba, kuma ya fi yawa a aikin yamma, alhali allon injin bai nuna lambar matsala ko ɗaya ba. Na bayyana wa ChatGPT abin da ke faruwa, sai ya jero mini dalilai masu yawa, tun daga hita har zuwa ingancin ledar, ba tare da ya nuna mini wanda zan fara dubawa ba. Ina roƙon waɗanda suka riga mu a wannan aiki su bayyana mini yadda ake amfani da waɗannan manhajoji har a kai ga gano ainihin cutar inji.

Tsohon_Injiniya:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Amsar da ka samu ta yi faɗi ne saboda labari ka ba shi, ba ka ba shi awo ba. Liƙin leda a kan abu uku ya dogara: zafin ƙarafan da ke matse ta, ƙarfin matsin, da tsawon lokacin da suka yi a rufe. Idan liƙi ya lalace, sau da yawa ɗaya daga cikinsu ne ya kauce, kuma PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ba zai yi ƙara ba muddin kaucewar ba ta wuce iyakar da aka sa masa ba.

Tunda ka ce abin ya fi yawa da yamma, zargina ya fi karkata ga matsattsiyar iskar da ke tura ƙarafan su rufe. Yawancin irin waɗannan injuna suna buƙatar matsin iska kusan bar 6, kuma idan wasu injuna suka tashi a lokaci guda suna jan iska daga kwamfureso ɗaya, matsin yakan faɗi na ɗan lokaci kaɗan ya dawo, kafin mutum ya kai idonsa kan agogon awo. Ka ɗaura sensar matsi mai ba da siginar 4 zuwa 20 mA kusa da silindar da ke rufe ƙarafan, ba a bakin kwamfureso ba, ka sa PLC ya riƙa adana matsin da zafin tare da lokaci. Idan PLC ɗinka Siemens S7-1200 ne, yana iya rubuta irin wannan bayani a fayil na CSV da za ka buɗe a Excel. A gefe guda kuma mai tuƙa injin ya riƙa rubuta lokacin da duk wata jaka ta fito a buɗe. Waɗannan biyun za ka miƙa wa manhajar, ka tambaye ta abin da ke canzawa gab da fitowar kowace jaka marar kyau. A irin wannan aiki na tace dubban layukan lambobi ne take da amfani ƙwarai.

Injiniya_Mai_PLC:
Na goyi bayan abin da Malam ya faɗa, sai dai ina da gargaɗi da nake so a ɗauka da muhimmanci. Waɗannan manhajoji suna iya ƙirƙiro ma'anar lambar matsala, ko su ambaci saitin da babu shi a na'urarka, kuma su faɗe shi da cikakken tabbaci. Maganin shi ne ka ɗora mata littafin jagoran injinka na ainihi, ka sharɗanta mata ta ambaci shafin da ta ɗauko kowace amsa, sannan ka buɗe shafin ka gani da idonka. Kada ka ɗora shirin PLC na masana'anta a manhajar da kowa ke shiga sai da izinin shugabanninka. Duk shawarar da ta kai ga tsallake makunnin kariya na ƙofa domin gwaji, ka yi watsi da ita, domin ƙarafan nan suna da zafi kuma akwai wuƙa a tsakaninsu. Kafin ka sa hannu, ka kashe wuta, ka sauke iskar da ta rage a bututu, ka sa kwado a makunni ka riƙe makullin a aljihunka.

Mai_Awon_Zafi:
Kada a manta da ɓangaren zafi. Lambar da allo ke nunawa zafin wayar awo ce, wato sensar zafin da aka saka a jikin ƙarfen, ba lallai ta zama zafin fuskar ƙarfen ba. Idan wayar ta yi sako-sako a raminta, ko ɗaya daga cikin hitocin ya mutu, allo zai iya nuna komai daidai alhali gefe ɗaya na ƙarfen ya huce. Ka duba jakunkunan da suka lalace: idan kullum gefe guda ne ke buɗewa, to hita ce ko rashin daidaiton ƙarafan, idan kuwa liƙin ya yi rauni daga wannan gefe zuwa wancan, maganar iska ta ƙara ƙarfi. Idan za ka yi amfani da kyamarar zafi, ka sani ƙarfe mai sheƙi yana ruɗar ta, takan nuna zafin da bai kai na gaskiya ba, saboda haka ka tabbatar da ma'aunin da ake taɓa ƙarfen da shi.

Makanikin_Layi:
Allah ya saka muku da alheri. Na duba jakunkunan da muka ware, kuma raunin ya ratsa liƙin gaba ɗaya, don haka zan fara da sensar matsi. Malam, a kowane tsawon lokaci ya kamata PLC ya riƙa ɗaukar awon?

Tsohon_Injiniya:
Kada ka ɗaure shi da agogo. Ka sa ya ɗauki awo a daidai lokacin da ƙarafan suka rufe a kowane zagaye, domin matsin wannan lokacin ne ke yin liƙin, kuma ta haka kowace jaka za ta samu layinta a cikin fayil ɗin.