Tsire da ruwan inabin Riesling: me zan ajiye wa baƙi?

Bashir Mainz: Salamu alaikum 'yan zaure. Ranar Asabar abokan aikina Jamusawa za su zo gida cin tsire da dafa-duka. Kullum yabon giyar inabin Riesling suke, wai ba abin da ke tafiya da abinci mai yaji kamarsa. Giya ba ta shiga gidana, kuma sun sani. Me zan ajiye da zai ba su irin wannan ɗanɗano?

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam. Zoɓo mana, ƙanena.

Bashir Mainz: Akwai shi Anti, ina son ƙari ne.

Ɗan Maraɗi: Traubensaft za ka nema, wato ruwan inabi marar barasa, amma na manoman inabi, wanda aka rubuta Riesling a jikin kwalbar. Na kwali da ke kanti zaƙi ne zalla. Shi wannan inabin tsami gare shi, kamar koren tuffa da lemon tsami, ga ɗan ƙamshi. Tsamin ke yanke maiƙon nama, zaƙin ya kwantar da yaji. Shi ya sa masu sha ke zaɓar mai ɗan zaƙi, feinherb ko Kabinett, idan abinci da barkono, su bar marar zaƙi, trocken, ga kifi. Kai da kake Rheinhessen, yankin gonakin inabi, ai a gida kake. Ka leƙa kasuwar Asabar ta gindin Dom, babban cocin Mainz.

Alhaji Musa Kolon: Bashir, ka saurare ni da kyau, don yanzu kaka ce. Duk inda ka ga kwalba mai ruwa fari-fari kamar kunun zaƙi an rubuta Federweißer, ka yi nesa da ita. Bara muna dawowa ta bakin kogin Mosel muka tsaya wata rumfa a gefen hanya. Na tambayi mai sayarwa ƙarara, ruwan inabi ne? Ya ce sabo ma kuwa, na bana. Bai ce min yana kan ruɓa ba ne. Na kwantar da kwalabe biyu a but, ashe murfin da gangan ba a ɗaure shi, don iskar ta riƙa fita. Kafin mu kai gida duk sun tsiyaye a kan dardumar salla da buhun shinkafa. Hajiya na buɗe but ɗin ta ce Alhaji, wannan ai warin burkutu ne. Da na bincika, ashe tun barasarsa na kashi 4 cikin ɗari ake fara sayar da shi, kuma kullum ƙarfinsa ƙaruwa yake. Ga zaƙi, yaro zai shanye kofi bai sani ba. Allah Ya tsare ba wanda ya kurɓa. Jamusawa da wainar albasarsu suke shan shi, Zwiebelkuchen, daga Satumba zuwa Oktoba.

Hauwa Bon: Subhanallahi. Shinkafar fa, Baba?

Alhaji Musa Kolon: Ta tafi.

Sadiq Hambug: To Riesling alkoholfrei fa, wato marar barasa? Shi ya fi kusa da abin da suka saba.

Malam Idi: A Jamus ana iya rubuta alkoholfrei ko da akwai barasa har 0.5 cikin ɗari. Kuma giya aka fara yi sannan aka cire mayen. Ni dai ba na kai shi gida.

Sadiq Hambug: Malam, akwai mai 0.0 ai.

Malam Idi: Asalin nake magana, ba lambar ba.

Sadiq Hambug: To ruwan khal fa da muke sa wa a salak?

Maman Hanifa: Don Allah kada ku fara, mun yi wannan da azumi.

Hauwa Bon: Yaya Bashir, ka sirka Traubensaft ɗin da ruwa mai gas, rabi da rabi, shi ne Schorle. Ka sanyaya sosai. Na gwada da farfesun kifi, ya yi. Da miyar kuka kam bai yi ba. Ka duba alamar vegan, wato ba komai na dabba a ciki, wasu da jelatin suke tace ruwan.

Ɗan Maraɗi: Ko Traubensecco, ruwan inabi ne mai kumfa, ba a taɓa barin sa ya ruɓa ba. Amma ka rage yajin ƙuli, Jamusawa ne.

Sadiq Hambug: Wai wa zai gasa tsiren? In Bashir ne, a tanadi burodi.

Bashir Mainz: Kai dai ka kawo kilishin da ka yi alkawari tun Babbar Salla.

Maman Hanifa: Ni har yanzu zoɓo na ce, da citta da kanumfari.