Kumburi a wuyana, likita ya ce ba ciwon daji (kansa) ba ne, amma kumburin ya ƙi tafiya

Maman Walid: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara, hankalina a tashe yake. Shekarata 34. Da damina na yi ciwon maƙogwaro mai tsanani, bayan na warke sai kumburi ya fito mini a wuya, ƙasan kunnen hagu. Laushi gare shi, in na danna kamar ruwa a leda, ba ya zafi. Surukata ta ce maƙoƙo ne, kishiyata kuma sai kallona take. Ga bikin ƙanwata ya matso, ankon ma an ɗinka mini mai buɗaɗɗen wuya, yanzu ko a tsakar gida da hijabi nake zama. An yi mini sikanin, likita ya ce lymphangioma ne, wai hanyoyin ruwan kaluluwa ne ba su ginu daidai ba tun ina ciki. An zuƙe mini ruwan da sirinji, ruwa rawaya, ya sace, sai ya dawo ya fi da. Yanzu wai a yi mini MRI, wani hoton cikin jiki. Me zan yi?

Anti Nas: Wa'alaikumussalam. Waye ya zuƙe miki? Zuƙa kaɗai ba magani ba ce, jakar da ruwan ke taruwa a ciki tana nan, dole ta sake cika, ƙwayoyin cuta ma suna iya shiga. Yawanci ana gano abin nan ne a yara kafin shekara 2, amma yakan ɓoye har sai ciwo ko buguwa ta taso shi a babba, kamar naki. MRI ɗin shi zai nuna zurfinsa da ko ya kusanci manyan jijiyoyi. Ki yi shi kawai.

Baban Amira: Allah ya ba ki lafiya. Ni dai ba na son asibiti. Yayata ta shiga tiyatar wuya, har yau bakinta a karkace yake, ko haƙuri ba wanda ya ba mu. A fara da tofi da man habbatussauda.

Anti Nas: Malam, addu'a kam a yi, amma ba dole sai tiyata ba. Idan jakunkunan manya ne, ana zuƙe ruwan a zuba magani ciki, bleomycin ko doxycycline, ya sa bangon ya manne. Wani lokaci sai an maimaita. Ƙananan jakunkuna ne suka fi taurin kai. Maman Walid, kada ki kuskura wanzami ya taɓa wurin nan. In ya yi ja da zafi, ko haɗiya ko numfashi ya yi miki wuya, ki tafi asibiti a ranar.

Ummu Sudais: An dai tabbatar ba tarin fuka ba ne? Tawa kaluluwar haka aka yi ta wasa da ita, mijina bai ɗauke ni da muhimmanci ba sai da na rame.

Maman Walid: Anti, wanda ya zuƙe mini ma'aikacin lafiya ne, ba a titi na je ba, kuma na ji sauƙi lokacin. Kuɗin MRI ba nawa ba ne, mai gidan ya ce tunda ba kansa ba ne a bari bayan girbi. Ni so nake a sake zuƙewa ko don bikin.

Anti Nas: Ƙanwata, biki kwana nawa ne? Ki je Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ki nemi ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro.

Maman Walid: Ba ku san mai gidana ba ne. Akwai wadda aka yi wa allurar nan a cikinku? Tana barin tabo?