Na kai mataki na 50 a Borderlands 2 layin ya tsaya cak: waɗanda ba su sayi ƙari ba, yaya kuka yi?

Na Gwallameji:
Salamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya wajen ƙarfe ɗaya na kai mataki na 50 a Borderlands 2, gem ɗin nan na harbi. Da Axton, ɗaya daga cikin jaruman da ake zaɓa, nake bugawa, a tsohuwar PS3 da yayana ya bar min da zai tafi hidimar ƙasa. Ina cikin murna na faɗa yankin Sawtooth Cauldron na yi ta zubar da 'yan fashi, da na waiwayi layin nan na ƙasa da ke cika in ka yi kisa, ko gezau. Na zaci injin ne ya fara halinsa, na kashe na kunna, shiru kake ji. Da safe wani ɗan ajinmu ya ce ai iyaka ke nan, faifan da ke hannuna a 50 yake tsayawa sai an sayi ƙari, wato sashen gem ɗin da ake sayarwa daban. Ni kuwa abin da ke aljihuna na garin kwaki ne da kuɗin Keke Napep. Don Allah kada kowa ya ce min "je ka saya". Waɗanda suka taɓa maƙalewa a nan nake son ji daga bakinsu: kun ci gaba, ko kun ajiye?

Mai shagon gem, Bakin Kura:
Wa alaikumus salam ƙanena. Injinka lafiya lau yake. Da gem ɗin ya fito a 2012 iyakarsa 50. A 2013 aka sayar da ƙarin da ya kai shi 61, cikin shekarar aka sake sayar da wani ya kai 72. Na 80 ya zo a 2019, shi kuma bai ma sauka a PS3 ba, don haka ko kana da kuɗi buhu-buhu a 72 za ka tsaya.

A shagona ƙwallo ce ke kawo kuɗi, kowa ya sani. Amma akwai yara biyu da suka shafe fiye da shekara suna zuwa bayan isha'i su buga wannan gem ɗin a allo ɗaya da aka raba biyu, dukansu a 50. Ban taɓa jin sun ce sun gaji ba. Faɗansu kullum a kan wa zai ɗauki bindiga mai ruwan goro, wato irin wadda ba a cika samu ba, in ta faɗo.

Injiniyan gobe, Yelwa:
Malam na Gwallameji, zauna ka sha labari, don ni wannan iyakar ta taɓa raba ni da abokan ɗakina.

Mu huɗu ne a ɗaki, kowa da kwamfutarsa, muna haɗa su da waya mu buga tare ba sai da data ba. Uku muna 50. Na huɗun wani kawunsa ya turo masa katin saye daga Ingila, ya sayi ƙari biyun nan, kafin hutu ya ƙare ya kai 72. Da muka dawo muka ce to, ga oga ya zo, yau za mu share zagaye na uku, wato Ultimate Vault Hunter Mode, inda ake sake bin labarin karo na uku da ƙarin wahala. Ashe a wannan zagayen maƙiya suna bin matakin wanda ya fi kowa girma a cikin tawaga. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Ƙaramin kare na hanya ya taɓa ni sau ɗaya na faɗi. Na juye masa harsashi kaf, jininsa ko motsi bai yi ba, ga shi kuma a zagayen nan jininsu ninki huɗu ne, yana kuma dawowa da kansa in ka yi jinkiri. Bindigogin da ke zubowa duk na mataki 70 da wani abu ne, ka ɗauka ka saka a jaka amma ba ka isa ka riƙe ba. Mun zama 'yan rakiya, shi yana aiki mu muna kwance muna jiran ya tashe mu.

Daga baya na zauna na yi lissafin abin. A Borderlands 2 ƙarfin makami da jinin maƙiyi suna ƙaruwa da kusan kashi 13 cikin ɗari a kowane mataki, kuma hawa kan hawa ne. Duk mataki shida abu ya ninka. Tsakanin 50 da 61 kusan ninki huɗu ke nan, tsakanin 50 da 72 ya doshi ninki goma sha biyar. Ba rashin iya wasa ba ne, lissafi ne ya kashe mu.

Amma juya lissafin ka gani. In kai kaɗai ne, ko duk tawagar a 50 kuke, maƙiya ma a wajen 50 za su tsaya. Wanda ya kai 72 maƙiyansa sun bi shi can. Lambobin da ke tashi a allonsa sun fi naka yawan sifili, amma wahalar kashe abu ɗaya ce, wani lokacin tasa ta fi. Abin da ya fi ka da gaske shi ne maki. Kana da 45 da za ka raba a rassa uku, kuma baiwar da ke ƙarshen kowane reshe tana cin 26. Ke nan reshe ɗaya za ka kai ƙarshensa, 19 su rage. Biyu sai a mataki na 57. Tunda Axton ne da kai, zaɓi tsakanin Gemini mai ba ka injin harbi biyu da Double Up mai sa injin ya riƙa fesa silag. Ni dai Double Up zan ce, domin a zagaye na uku wanda aka shafa wa silag, ruwan nan shunayya, ninki uku yake jin harbi. Ba silag, ba zagaye na uku.

Abokin namu kuwa ƙarshenta sabon mutum ya buɗe ya faro daga mataki na ɗaya, don ya gaji da bugawa shi kaɗai.

Yayarku ta Fadaman Mada:
Ƙanena, tsaya tukuna, kar ka karɓi ko aiki ɗaya na gefe daga yau. Wannan kuskuren ni na yi shi, har yanzu yana min ciwo.

Kana zagaye na biyu ne ko? To ka bi labarin kai tsaye har ka kashe Warrior, dodon ƙarshen labarin. Da zarar ya faɗi, duniyar gem ɗin gaba ɗaya takan dawo mataki na 50, har da ladan ayyukan da ba ka riga ka karɓa ba. Wanda ka karɓa tun da wuri kuwa a matakin da ka karɓe shi yake daskarewa. Ni zumuɗi ya sa na kwashe su duka tun ina 40 da 'yan kai, kyawawan bindigogin lada suka zo min a ƙasa, ba damar sakewa a wannan zagayen. Gabanka kaɗan akwai aikin Uncle Teddy a Arid Nexus, shi ke ba da bindigar Lady Fist in ka aika takardun ta akwatin wasiƙa. Bar shi sai ka gama.

Da jarumar Maya nake bugawa, ni da autanmu, in an kawo wuta bayan mun gama aikin gida. Shekara biyu muna 50. Abin da na gane shi ne kafin 50 duk bindigar da ka samu baƙuwa ce, kwana biyu ta tsufa ka yar. A 50 ne kaɗai abin da ka wahala ka samu yake zama naka. Mun yi sati uku muna sintiri muna kashe wani maƙiyi Savage Lee a Three Horns Divide kafin bindigar Unkempt Harold ta faɗo. Ihun da autan ya yi sai da Mama ta leƙo tana salati, ta zaci wuta ce ta ja shi. Har yau tana hannunsa, ba ta tsufa ba, tunda ba inda za mu hau mu bar ta.

Sannan Badass Rank bai da iyaka, yana ci gaba da ƙirga maka ƙananan ƙalubale yana ba ka ɗan ƙarin ƙarfi, kuma duk mutanen da ka buɗe suna cin moriyarsa. Ga ma'ajiyar Claptrap mai gurbi huɗu a garin Sanctuary, ka ajiye wa sabon mutuminka kaya.

Ɗan Wunti:
Anti ta gama magana. Ƙari ɗaya: garkuwar Bee tana faɗowa daga wajen maƙiyin nan Hunter Hellquist a Arid Nexus Boneyard, kusa da inda kake sauka, ba nisa. Same ta kafin ka je gaida Terramorphous, ƙaton dodon da akan haɗu a yaƙa. Shi ma yana cikin faifanka, ba a sayensa.

Baban Biyu, Federal Low-cost:
Ku yi haƙuri yara, zan ɗan saɓa muku. Kuna ta yabon 50 ne don ba yadda za ku yi, da babu gara ba daɗi. Ni na buga na farkon, Borderlands na 2009, tun ina saurayi. Shi ma a 50 ya fara, ƙarin General Knoxx ya kai shi 61, daga baya aka ƙara wa kowa mataki takwas kyauta, wanda bai sayi komai ba ya samu 58, mai Knoxx ya samu 69. Ranar da na ga layina ya sake motsi daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Ɗan Adam yana son ya ga yana gaba. Maimaita kashe mutum ɗaya sau ɗari don bindiga ɗaya, wannan sai mai lokaci. Ni yanzu in na samu awa ɗaya bayan yara sun yi barci na gode Allah, ba zan ƙarar da ita a ƙofar Savage Lee ba.

Injiniyan gobe, Yelwa:
Baba, da girmanka, amma tambayi waɗanda suka buga Borderlands 3 yadda kyautar ta kasance.

Na Azare:
Ga ni nan, ni ne shaida. Borderlands 3 ya fito a Satumbar 2019 da iyaka 50, kuma duk ƙarin matakin da aka yi masa kyauta ne: 53, 57, 60, 65 duk a cikin 2020, sai 72 a 2021. Da farko murna na yi. Na tara kaya masu kyau a 50, aka ce 53, na sake tarawa. Ban gama ba aka ce 57. Ana cikin haka aka sabunta tsarin Mayhem, mai ƙara wa maƙiya ƙarfi, ya koma hawa goma, bindigogi suka fara zuwa da nasu ƙarfin gwargwadon hawan da ka same su. Ashe ba a rabu da Bukar ba, an haifi Habu. Ma'ajiyata ta cika da tsofaffin makamai da nake jin tausayin zubarwa. Kuma kowane sabuntawa sai ka sauke shi, datarka ce ke tafiya. A 60 na ce na huta, sai da na ji an tsaya a 72 an daina ƙari na dawo na yi tarin gaske sau ɗaya. Don haka Baba yana da gaskiya, motsin layi akwai daɗi, amma ni sai da layin ya tsaya na fara jin daɗin kayana.

Ɗan Railway:
Ku naku da sauƙi, ba ku buƙatar intanet. Na sayi faifan The Division 2 na hannu a ƙarshen 2020. Na kai 30, na haura World Tier 5, hawan ƙarshe na duniyar gem ɗin, ƙarfin kayana ya kai 500. A lokacin ƙarin Warlords of New York ya riga ya fito tun Maris, ya kai masu shi 40 da wani agogo da ke ta ƙirga musu mataki ba iyaka. Ba wanda ya ƙwace min komai, amma gari ya watse. In na nemi abokan shiga aiki sai in yi ta jira, kowa ya koma can. Ga sabis na unguwarmu, ana tsakiyar faɗa ya yanke ya wurgo ka waje. Na so in saya, katina na naira ya ƙi biyan kuɗin waje, masu sayar da katin saye kuma farashin da suka faɗa min ya fi abin da na sayi faifan. Na sayar da shi na sayi fad sabo, abin riƙewa a buga gem.

A gem ɗin da sai da jama'a, iyaka takan zama katanga ta gaske. A Disambar 2017 da ƙarin Curse of Osiris ya fito a Destiny 2, mataki ya tashi daga 20 zuwa 25, aka ɗaga ƙarfin da ake buƙata don shiga aikin tawaga na Leviathan mai wuya zuwa 330, waɗanda ba su saya ba suka kasa shiga abin da jiya suke shiga. Sai da aka yi ta ƙorafi aka mayar da shi 300.

Ɗan Wunti:
Shi ya sa na koma Warframe. Tun 2013 kyauta yake, sabon labari in ya zo na kowa ne. Kowane makami ka kai shi 30, ka tara makin hawa Mastery Rank, wato matakin ƙwarewarka, kuma kuɗin gem ɗin, Platinum, kana iya samunsa ta hanyar sayar wa wasu 'yan wasa kayan da ka tara. Sai dai abin da ba ka biya da naira ba za ka biya da jira, haɗa sulke ɗaya kwana uku yake ɗauka. Da data.

Mai shagon gem, Bakin Kura:
Na Gwallameji, in wata rana ka samu PS4 ko kwamfuta mai ɗan ƙarfi, nemi The Handsome Collection na 2015, ƙarin 61 da 72 duk suna ciki. A 2020 ma Epic Games Store sun raba shi kyauta na sati guda, yaran shagona da suka ji da wuri suka kwasa. Amma ka kula da faifan da aka rubuta Game of the Year, shi a 61 yake tsayawa, na 72 ba ya ciki. Na ga wanda ya saya yana zaton ya gama da magana.

Na Gwallameji:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti, saura ƙiris, jiya da rana na tsaya gaban allon ayyuka na Fyrestone hannuna na kan maɓalli na tuna maganarki na janye. Na kashe Warrior da daddare, sau huɗu yana hallaka ni, na biyar ana saura ɗan jini kaɗan aka ɗauke wuta. Na zauna cikin duhu na ce inna lillahi. Wajen ƙarfe uku aka dawo da ita na gama da shi. Na sauya makina zuwa Double Up kamar yadda Injiniya ya ce. Yau sau goma sha ɗaya na je wajen Hellquist, ba Bee ba labarinta, sai wata farar garkuwa da ko mai gwangwan ba zai karɓa ba. Oga na Bakin Kura, yaran nan naka biyu har yanzu suna zuwa bayan isha'i? Ina da fad ɗina, Terramorphous nake son mu gwada ranar Asabar in na fito daga gwaji.